Aron Katifar Malam Tanimu

Wata rana, shekara biyu ke nan, na bi wata ƙungiyar masu hawan dutse zuwa can wajen Mambila.

Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, don ba su da laifi. Shi ma mutumin da zan ba ku labarinsa ba zan kama sunansa ba. Ba don ina rufa masa asiri ba, sunan ne ba na son ya bi ta bakina.

Mu kira shi Mai Jar Hula. Wata jar hular sanyi ya sa tun daga tasha har muka rabu.

Tsarin tafiyar mai sauƙi ne. A yini ana tafiya da kaya a baya, a kwana a kafaɗar dutsen, da asuba a ƙarasa ƙololuwa. Duk abin da za ka buƙata a gadon bayanka yake, har abin kwanciya.

To, a kan abin kwanciyar nan aka yi sati guda ana musu a guruf ɗinmu na waya kafin mu tashi.

Iri biyu ne.

Akwai katifar iska, wadda ake hurawa. Idan ka naɗe ta ba ta fi gorar ruwa girma ba, ga laushi, ga ɗumi. Matsalarta ɗaya: ƙaya guda ta isa ta gama da ita.

Akwai kuma katifar soso, 'yar siririya mai tauri. Ba ta shiga jaka, sai dai ka ɗaure ta a waje ka riƙa yawo da ita kamar mai tallar tabarma. Daɗin kwanciya kuwa babu. Amma ko wuƙa ka soka mata tana nan yadda take.

Ni dai ta iska na saya. In faɗi gaskiya, ba don ɗumi ba. Ban so a gan ni a hoto da soso a ƙeya ne.

Mu goma sha ɗaya ne. Mutum goma duk ta iska muka ɗauka.

Na sha ɗayan shi ne Malam Tanimu.

Dattijo ne, ya haura sittin, siriri, mai furfura a gemu. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da labarin ƙasa a sakandare kafin ya yi ritaya.

A mota kusa da shi na zauna, na tambaye shi abin da ya kawo shi cikin yara.

Ya ce mini duk shekara sai ya zana wannan dutsen a allo. Duk shekara sai ya gaya wa ɗalibai cewa idan mutum ya kai samansa da sassafe, gajimare a ƙarƙashin ƙafarsa zai gan shi. Kuma duk shekara sai an sami yaro ɗaya mai taurin kai ya ɗaga hannu ya ce, Malam, kai ka taɓa gani?

Bai taɓa gani ba. A littafi ya karanta.

Abin da ya kawo shi ke nan. Yana son ya ga gajimaren nan da idonsa sau ɗaya kafin ƙafa ta ƙi.

Sai dai yana da ciwon asma. 'Yarsa Uwani ma'aikaciyar jinya ce, kuma da ƙyar ta yarda ya zo. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: kada ya kuskura ya kwanta a ƙasa ba shimfiɗa, don in sanyin ƙasa ya ratsa ƙirjinsa, tafiya ta ƙare.

Ita ce ta zaɓa masa ta soso. Ta ce ba ta yarda da abin da zai iya fashewa a inda babu kanti ba.

Tun daga gindin dutsen Mai Jar Hula ya sa katifar nan a gaba.

Ya ce wai Baba ya yanko kujerar falonsa. Ya ce wai a bar shi a baya in za a yi hoto, kada ya ɓata mana tsari. Sai ya zaro tasa daga aljihun jaka yana juya ta a hannu, wai daga waje aka aiko masa, wai irinta ake kaiwa dutsen ƙanƙara.

Wasu suka yi dariya.

Ni ma na yi 'yar dariya, ba zan ɓoye ba.

Malam Tanimu murmushi kawai ya yi, ya gyara ɗaurin kayansa.

Abin da na lura da shi a hanya shi ne, duk inda aka tsaya, soson nan da ake wa dariya shi kowa ke nema.

Ƙasar wajen a jiƙe take, ciyawa duk raɓa. Wa zai tsaya hura katifa don hutun minti goma? Sai Malam ya kwance tasa ya shimfiɗa, mutum uku su zauna su ci gurasa.

Da lokacin salla ya yi, a kanta aka riƙa yi bi da bi. Ta iska ba ta sallatuwa, in ka tsaya a kai sai ka riƙa tangaɗi.

Har da Mai Jar Hula ya yi tasa a kai. Ko na gode bai ce ba.

Da la'asar sakaliya muka isa inda za mu kwana. Fili ne a kafaɗar dutsen, iska na kaɗawa, sanyin kuwa tun rana ba ta faɗi ba ya fara shiga ƙashi.

Jagoranmu, wani Bafulatanin yankin mai suna Hammajo, ya tara mu. Ya ce kowa ya durƙusa ya share wurin tantinsa da hannu, ya tsince ƙaya da tsakuwa. Ya ce kada wanda ya hura katifarsa a waje.

Kowa ya bi.

Ban da mutum ɗaya.

Mai Jar Hula ya hura tasa tim, ya ja ta a ƙasa har bakin wani falalen dutse, ya kishingiɗa a kai ya harɗe ƙafa. Ya miƙa wa wani wayarsa, a ɗauke shi ta nan, a ɗauke shi ta can. Hasken bai yi masa ba, ya sake jan ta cikin ciyawa zuwa wani gefen.

Ina kusa da shi lokacin da ya dawo. Na ji wani siririn sauti yana fita, fiiii.

Shi ma ya ji. Na ga fuskarsa ta sauya, ya yi wuf ya cusa katifar cikin tanti ya zuge.

Kayan faci kuwa, da bakinsa ya gaya mana a mota cewa a gida ya bar su, wai nauyi ne na banza.

Bai gaya wa kowa ta huje ba. Da ya faɗa, wallahi da an san yadda aka yi. Ana iya haɗa jakunkuna a shimfiɗa masa, ana iya matsawa mutum biyu su raba ɗaya. Amma wanda ya yini yana cika baki, ina zai iya buɗe baki ya ce a taimaka masa?

Sai ya nemo wata hanyar.

Muka haɗa Magariba da Isha'i, Malam ya ja mu. Aka sha shayi, aka ci ɗan abin da ya samu. Hammajo ya ce kowa ya kwanta da wuri, don ana idar da Asuba za a kama hanya.

Malam ya ɗauki katifarsa zai shiga tanti. Sai ga Mai Jar Hula ya matso, ya rage murya, har da ɗan rusunawa.

"Baba, don Allah ara mini shimfiɗar nan in yi shafa'i da wutiri."

"Ɗauki, ɗana. Ka sa mu a addu'a."

Shi ke nan. Abin da aka faɗa ke nan gaba ɗaya.

Ku da kanku kun sani. A wajenmu wa zai hana mutum abin salla? Kuma in mutum ya tayar da kabbara, wa zai je ya tsaya a kansa ya ce yi sauri?

Shi ma ya sani. Da saninsa ya zaɓi kalmar.

Ya yi raka'o'insa a waje. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce iska ta yi yawa, bari ya ƙarasa wuridinsa a ciki. Ya ja katifar cikin tantinsa.

Na ji ƙarar zif.

Tantina na manne da nasa, tsakaninmu bai fi taku biyu ba. Saboda haka abin da zan faɗa yanzu ba ji na yi a bakin wani ba.

Bayan kamar rabin awa na ji takun Malam a ciyawa. Ya zo bakin tantin, ya tsaya, ya yi gyaran murya irin ta manya.

Kafin zuwansa shiru ne a ciki, har na fara jin numfashin mai barci.

Yana yin gyaran muryar sai ga tasbihi ya tashi da ƙarfi. Subhanallah, Subhanallah, har da ƙarar carbi.

Malam ya ɗan jira. Ya juya ya koma.

Takunsa na nisa, tasbihin ya mutu.

Ya sake dawowa karo na biyu. Aka sake tayar da tasbihi.

Bai zo na uku ba.

Jama'a, na ga rowa a rayuwata, na ga son kai iri-iri. Amma ban taɓa jin tsigar jikina ta tashi don ƙyama irin ta ranar ba. Mutum ya mayar da ambaton Allah kwaɗon ƙofa!

Yanzu za ku tambaye ni: kai da ka ji duk wannan, me ka yi?

Ban yi komai ba.

Ina kwance a kan katifata mai laushi, cikin bargo, ƙafata ta fara ɗumi. Na ce wa kaina ai yanzu zai mayar masa. Na ce ai Malam babba ne, ya san yadda zai karɓi kayansa. Na ce in na fita na yi magana za a ce na cika shisshigi, kuma wa ya sani, ƙila da gaske wuridin yake yi.

Na san ba wuridi yake yi ba.

Na juya na ja bargo. Barci ya ɗauke ni, kuma mai daɗi.

Tari ne ya tashe ni da asuba, ba kiran salla ba.

Na tarar da Hammajo durƙushe a bakin tantin Malam da tocila. Malam na zaune ya dafa gwiwa, ƙirjinsa na wani irin kuka kamar ana jan tsohuwar ƙofa. Abin shaƙarsa na hannunsa, ya shaƙa ya sake shaƙa, numfashin ya ƙi daidaita.

Na haska ƙasan tantin.

Jakarsa ya zazzage ya shimfiɗa a ƙarƙashin kafaɗunsa, sai rawaninsa da ya ninka biyu. Sauran jikinsa a kan ledar tanti ya kwana, ledar kuwa sharkaf da sanyin ƙasa.

Na ce, Malam, me ya sa ba ka tashe ni ba? Me ya sa ba ka tashi kowa ba?

Da ƙyar ya iya haɗa maganar. Ya ce ya ga duk mun gaji. Ya ce shi kuma yaron yana ganawa da Ubangijinsa, ba zai zama shi ne ya katse shi saboda soso ba.

Raina ya ɓaci.

Na nufi tantin Mai Jar Hula, ban yi sallama ba, na zuge. Yana miƙe a kan katifar Malam, ya ninka tasa da ta huje ya yi matashi da ita. Barcinsa yake sha hankali kwance.

Na fizgi katifar daga ƙarƙashinsa.

"Me ya hana ka mayar masa da kayansa?"

Ya murza ido, ya yi hamma.

"Ai bai tambaya ba."

Ai bai tambaya ba!

Har yau in na tuna kalmomin nan sai in ji kamar in tofar da yawu.

Hammajo ya dafa ruwan zafi, muka naɗe Malam da barguna uku, muka zaunar da shi a kan katifarsa. Bayan salla numfashin ya ɗan lafa. Amma Hammajo ya girgiza kai. Ya ce sauran hawan awa biyu ne, kuma sama ta fi nan sanyi. Ya ce ba zai kai mutum da wannan ƙirjin can ba ko za a yanka shi.

Malam bai yi musu ba. Ya ɗaga kai ya dubi saman dutsen. Ga shi nan a gabanmu, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Ya daɗe yana kallo.

Wani daga cikinmu, ma'aikacin kantin magani ne, ya ce zai zauna da shi. Na ce ni ma na fasa hawan.

Malam ya kama hannuna. Ya ce a'a, in je. Ya ce in duba masa da kyau, in dawo in gaya masa abin da idona ya gani, kada in ƙara kada in rage.

Na tafi ne don ya ce in tafi. Ƙafata kawai ke hawa.

Mai Jar Hula kuwa shi ne a gaba. Ya sami barci, jikinsa garau, har da 'yar waƙarsa. Babu wanda ya yi masa magana duk tsawon hanyar, kuma ban ga alamar abin ya dame shi ba.

Muka kai sama rana ta ɗan ɗaga.

Gajimaren na nan. Fari fat, shimfiɗe a ƙasa da mu har iyakar gani, kawunan duwatsu sun ɓullo ta cikinsa nan da can. Daidai yadda wani dattijo ya yi shekara talatin da biyu yana zanawa da alli.

Ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Kunya ta hana ni.

A gefena Mai Jar Hula ya miƙa wa wani wayarsa, ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai addu'a. Wanda ya miƙa wa ya ajiye wayar a kan dutse ya yi gaba. Sai ya jingina ta da jaka ya ɗauki kansa.

Da muka sauko, Malam na zaune a inda muka bar shi, rana ta ɗan gasa shi, muryarsa ta dawo kaɗan.

Na durƙusa a gabansa. Ya ce, to, Sabitu, yaya?

Na ce, Malam, a ƙasa yake. Wallahi a ƙarƙashin ƙafarmu yake, fari kamar an baza auduga.

Sai ya shafa gemunsa.

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe ban yi wa yaran mutane ƙarya ba."

Na juya baya don kada ya ga idona.

Da aka tashi naɗe kaya, Mai Jar Hula ya bar katifarsa da ta huje a cikin ciyawa, ya goya jakarsa ya kama hanya. Hammajo ne ya tsince ta ya cusa a tasa jakar, yana magana ƙasa-ƙasa da Fulatanci. Ban ji abin da ya ce ba, amma na san ba albarka yake sa masa ba.

Saukowar da ya kamata ta ci awa biyar, sai da ta ci mana tara. Muna tafe muna tsayawa Malam ya huta. Duk inda muka tsaya, soson nan dai shi muke shimfiɗa masa.

Kwana huɗu ya yi a asibiti bayan mun dawo.

Ran da na je duba shi, Uwani ta tare ni a baranda. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ita abu ɗaya ta roƙa, kuma ta ji mu goma ne a wajen.



Ta ce likita ya ce babu shi babu hawan dutse har abada.

A daren ranar, ina duba waya, sai ga hoton Mai Jar Hula. Hannu biyu a sama, gajimare a bayansa. A ƙasa ya rubuta wai da juriya da tsayuwar dare babu tsaunin da bawa ba zai hau ba.

Mutum sama da ɗari huɗu sun danna masa so. Masha Allah ta ko'ina. Wata ma cewa ta yi Allah ya ba mu irin imaninsa.

Na rubuta amsa mai tsawo, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa.

Me zan ce? Shi ya ɗauke katifar, gaskiya ne. Amma taku biyu ne tsakanina da shi, kuma kunnena biyu.

Bayan wata guda Malam ya aiko mini da saƙo a leda. Katifar ce. Ya haɗo da 'yar takarda, ya ce shi ta gama masa aiki, ni kuwa da sauran ƙarfi a ƙafata, in riƙa zuwa ina gano masa wurare.

Tana nan jingine a bayan ƙofar ɗakina. Na sake hawan dutse sau uku tun daga lokacin, kuma ita nake ɗaurawa a baya. Masu dariya suna yi, ba na ko waiwaya.

Masu turo mini saƙo suna tambayata wacce za su saya, ta iska ko ta soso, ga amsata. In ka san za ka share wurin kwanciyarka kuma za ka riƙe kayan faci, sayi ta iska, ta fi daɗi nesa ba kusa ba. In ba ka yarda da kanka ba, ɗauki soso ka haƙura da taurinsa.

Amma kafin ka tambayi wacce za ka saya, tambayi da wa za ka kwana a dawa.

Darasi:

Akwai mutanen da sun haddace abin da kunya ba za ta bar ka ka hana ba, kuma da shi suke zuwa roƙo. In ka yi shiri marar kyau, buɗe baki ka ce ka yi kuskure, kada ka lulluɓe shi da salla ka ɗora wa mai kawaici.

Kai kuma da kake jin komai daga cikin bargonka, tashi ka yi magana tun takun dattijon bai yi nisa ba. Ni ban tashi ba, kuma Malam Tanimu ba zai taɓa ganin gajimaren nan ba.

Tura wa abokan tafiyarka kafin ku ɗaura jaka. In kuma labarin ya biyo ta wayarka, kai mai jar hula, ka san gidan Malam. Har yanzu bai tambaya ba.